Alois Alzheimer: Likitan da Ya Zauna Ya Tambayi Wata Mata Sunanta

Hutun da ya wuce da na koma gida, kakata ta wajen uwa ta tambaye ni ko na ci abinci. Na ce na ci. Ban gama cire takalmi ba ta sake tambaya. Kafin la'asar ta tambaya sau biyar, a na ƙarshen ma da sunan ƙaninta ta kira ni, mutumin da ya rasu tun ba a haife ni ba. Wannan fa matar da ta shekara fiye da ashirin tana riƙe adashin matan unguwarmu ce, ba littafi ba biro, amma ta san wadda ta zuba, ta san wadda ta ɗauka, ta san wadda ke bin ta canji. Yanzu sai ta ɓoye 'yar jakarta a tsohuwar tukunya, ta manta, ta fito tsakar gida tana cewa matar kawuna ce ta ɗauke. Maganar ta yi nisa har baiwar Allah ta tafi gidansu ta yi kwana uku, sai da aka je biko. Manya suka ce gigin tsufa ne, a yi haƙuri. Wata maƙwabciya kuma ta ce jifa ne.

Ni ɗalibin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje ne, ajin ƙarshe. A furaktikal mun yanka tsoka siriri, mun rina ta, mun ɗora a gilashi mun leƙa ta madubin likita, galibinmu don a sa mana hannu a littafi kawai. Da na dawo makaranta hankalina bai kwanta ba, na shiga neman ko akwai maganin abin da ke damun kakata. Na tarar ana ta labarin wasu sababbin magunguna a Amurka, wai suna wanke wani abu daga ƙwaƙwalwa. Da na bi diddigin abin, sai ya kai ni ga wani likita Bajamushe da ya gan shi a 1906, da irin kayan aikin da muke rainawa a ɗakin gwajinmu. Tarihinsa nake so in ba ku.

Ɗalibi kamar kowa

An haifi Alois Alzheimer ranar 14 ga Yuni, 1864, a wani ƙaramin gari mai suna Marktbreit, a yankin Babariya na ƙasar Jamus. Mahaifinsa ma'aikacin shari'a ne, mai rubuta takardun ciniki da na gado yana tabbatar da su. Ya yi sakandare a Aschaffenburg, ya gama a 1883, malamansa kuma sun shaide shi a darussan kimiyya. Daga nan ya karanta likitanci a jami'o'i uku: Balin, Tübingen da Würzburg.

Kada ku ɗauka irin ɗaliban nan ne da ba a ganinsu sai a laburare. Yana cikin wata ƙungiyar ɗalibai da ke wasan takobi, a nan ya samu tabon da ya zauna masa a gefen hagu na fuska har ya mutu. A Tübingen ma an taɓa cin sa tara saboda hayaniya a gaban ofishin 'yan sanda. A 1887, yana ɗan shekara 23, ya rubuta kundin digirinsa. Kun san a kan me? A kan ƙananan halittun da ke samar da dauɗar kunne. Shafi 17 ne kacal, da zane-zanen da ya yi da hannunsa na abin da ya gani a madubi. Duk wanda ke jin kunyar taken furojet ɗinsa a cikinmu, to ya tuna da wannan. Batun ƙarami ne, amma a nan hannunsa ya faɗa da yankan tsoka, idonsa ya saba da madubi.

Da ya gama, ya yi wata biyar yana rakiyar wata mata mai taɓin hankali a tafiye-tafiyenta, aikin da masu hali kan ɗauki matasan likitoci su yi a lokacin. A Disambar 1888 ya samu aiki a asibitin masu taɓin hankali da farfaɗiya na birnin Furankfot.

Furankfot: rana da marasa lafiya, dare da madubi

Shugaban asibitin, Emil Sioli, shi ma sabon zuwa ne, ga majinyata fiye da 200 a wuyansa. A wancan zamani yawancin irin waɗannan wurare sun fi kama da gidan yari: a ɗaure mutum, a kulle shi, shi ke nan. Sioli da Alzheimer suka yi ƙoƙarin sauya tsarin. Suka rage ɗauri, suka kawo wankan ruwan ɗumi na dogon lokaci don kwantar da masu firgita, suka bar waɗanda suka samu sauƙi su zaga lambu. Suka kuma mayar da hira da majinyaci wani ɓangare na aiki, a tambaye shi, a rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta.

A 1889 wani matashin likita, Franz Nissl, ya zo asibitin. Shi ne ya ƙirƙiro hanyar rina ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da har gobe ake kira da sunansa, yana amfani da irin shuɗin rinin nan na metilin da ke ɓata mana farar riga. Suka zama aminai. Da rana su duba marasa lafiya, da dare su zauna gaban madubi suna yanka ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu, suna musu. Abin da suka yi imani da shi shi ne, da yawa daga cututtukan hankali cututtukan ƙwaƙwalwa ne, kamar yadda tarin fuka yake cutar huhu, kuma idan aka iya rini za a ga ɓarnar da ido.

Cutar da ta fi cin lokacinsa a shekarun nan ita ce haukan da tunjere ke jawowa idan ya daɗe a jiki ya hau ƙwaƙwalwa. Ita ce ma silar aurensa. Wani attajirin Furankfot mai cinikin lu'ulu'u, Otto Geisenheimer, ya kwanta da ita yana cikin tafiya a Aljeriya, aka kira Alzheimer ya je ya taimaka. Mutumin bai tashi ba. A 1894 Alzheimer ya auri matar da ya bari, Cecilie, Nissl na cikin shaidu. Suka haifi 'ya'ya uku: Gertrud, Hans da Maria. A Fabrairun 1901 Cecilie ta rasu. Yana da shekara 36. Bai sake aure ba, ƙanwarsa ce ta dawo gidan ta riƙe yaran. Dukiyar da matar ta bari ita ta ba shi damar yin bincike daga baya ba tare da ya jira albashi ba.

Matar ma'aikacin jirgin ƙasa

Wata tara bayan wannan rashi, ranar 25 ga Nuwamba, 1901, wani akawun jirgin ƙasa mai suna Karl Deter ya kawo matarsa asibitin. Sunanta Auguste, shekararta 51. Ya ce abin ya fara da kishi, tana zarginsa da wata maƙwabciya ba dalili. Sai mantuwa ta biyo baya. Girki ya gagare ta, tana ɓoye kaya, tana ɓata a cikin gidanta, tana buga ƙofofin maƙwabta, wani lokaci ta yi ta ihu cikin dare tana ganin za a kashe ta. Da na karanta wannan wuri sai da na ajiye waya, don kamar tsakar gidanmu ake ba ni labari.

Washegari Alzheimer ya zauna da ita. Ya tambaye ta sunanta, ta faɗa. Ya tambayi sunan mahaifinta ko na mijinta, ta sake faɗin nata. Ya nuna mata fensir, makulli, jakar kuɗi da sigari, ta faɗi sunayensu daidai, amma bayan ɗan lokaci ta manta an nuna mata komai. Tana cin nama aka tambaye ta me take ci, ta ce alayyafo. Ya ba ta takarda ta rubuta sunanta, ta fara, kafin ta kai ƙarshe ta manta abin da aka ce ta rubuta. A nan ne ta faɗa masa cewa ta rasa kanta. Duk ya rubuta, tambaya da amsa, kwana da kwanaki, ya kuma adana takardar da ta kasa ƙarasawa.

Likitocin lokacin sun san mantuwar tsufa, sun kuma san haukan tunjere. Wannan mata ba ta kai tsufan ba, alamominta kuma ba su yi kama da na tunjere ba. Wani likitan zai sa ta a rukunin da ya fi kusa ya wuce. Shi bai yi haka ba, ya bar tambayar a buɗe.

A 1903 ya bar Furankfot ya koma wajen Emil Kraepelin, babban malamin likitancin hankali na Jamus a lokacin, da farko a Heidelberg, daga baya a Munik. Amma bai saki batun Auguste ba. Da kuɗin jinya suka yi wa mijin nauyi har ana shirin mayar da ita wani wuri mai sauƙin kuɗi, Alzheimer ya sa baki aka bar ta inda take. Tausayi ne, ko son kada binciken ya kuɓuce masa? Ni dai ina ganin duka biyun. Ta yi shekara huɗu da rabi a asibitin, a ƙarshe tana kwance a dunƙule, ba magana. Ta rasu ranar 8 ga Afrilu, 1906, sakamakon gyambon kwanciya da ya ɓata mata jini. Sioli ya aika wa Alzheimer ƙwaƙwalwarta da fayil ɗinta zuwa Munik.

Abin da ya gani

A Munik Alzheimer ne shugaban ɗakin gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa. Ya yi shekaru yana aiki ba albashi, wasu kayan ma daga aljihunsa yake saya. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashe daban-daban. Yakan bi su teburi-teburi yana leƙa madubin kowa, ya ajiye sigarinsa ya manta, har aka ce kafin a tashi za ka ga guntun sigari kusa da kowane madubi. Cikin waɗanda suka zauna a ɗakin akwai Friedrich Lewy, Hans Creutzfeldt da Alfons Jakob, waɗanda yau akwai cututtukan ƙwaƙwalwa masu ɗauke da sunayensu. Akwai kuma ɗan Afirka ta Yamma, Solomon Carter Fuller, haifaffen Monrobiya ta Laberiya, jikan wani bawa da ya fanshi kansa a Amurka. Fuller ya yi aiki a ɗakin daga 1904 zuwa 1905, kuma a 1912 ya fitar da ɗaya daga cikin bayanan farko kan wannan cuta da Turanci.

Da ƙwaƙwalwar Auguste ta iso, ido ma ya nuna ta motse. Aka yanka ta siriri, aka rina da wata sabuwar hanya ta amfani da sinadarin azurfa wadda Max Bielschowsky ya fito da ita. Abu biyu suka bayyana. Na farko, a tsakanin ƙwayoyin jijiya akwai wasu ɗigo-ɗigo birjik a ɓawon ƙwaƙwalwa. Kalmar da ya siffanta su da ita ma'anarta kamar ƙwayar gero. Ya ce wani baƙon abu ne ya taru a wurin, bai yi da'awar ya san ko mene ne ba. Na biyu, a cikin ƙwayoyin kansu zaruruwa sun yi kauri sun cukurkuɗe kamar zaren da yaro ya yi wasa da shi. A wasu wuraren ƙwayar ta mutu ta ɓace, cukurkuɗaɗɗen zaren kawai ya rage a gurbinta. Ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙwayoyin ɓawon sun taɓu.

Ranar 3 ga Nuwamba, 1906, ya gabatar da wannan a taro na 37 na likitocin hankali na kudu maso yammacin Jamus, a Tübingen, garin da aka taɓa cin sa tara. Ya yi bayani, ya nuna hotuna, ya tsaya jiran tambaya. Shiru. Ba wanda ya ɗaga hannu. Shugaban zama ya kira na gaba. Hankalin mahalarta yana kan muhawarar da ake yayi a lokacin game da ra'ayoyin Freud. Jaridar garin ta ba shi 'yan layuka. A 1907 aka buga jawabin, bai fi shafi uku ba. Wanda ya taɓa tsayawa gabatar da semina ya ga malamai na duba agogo, ya san ɗan abin da mutumin nan ya ji.

Bai yi fushi ya bari ba. Ya sa wani ɗalibinsa ɗan Italiya, Gaetano Perusini, ya nemo wasu masu irin wannan ciwo, ya kuma buga bayanin mutum huɗu har da Auguste. A 1910 Kraepelin ya fitar da bugu na takwas na littafinsa na koyar da likitancin hankali, a ciki ya kira ciwon cutar Alzheimer. Ba shi ya raɗa wa cutar sunansa ba, maigidansa ne. Shi kansa a 1911, da ya rubuta bayanin wani majinyaci na biyu, lebura mai shekara 56, ya nuna shakkar ko wannan wata cuta ce daban, ko kuwa mantuwar tsufa ce da ta zo da wuri.

Akwai wani da ya kamata a ambata don adalci. A 1907 ɗin nan, wani likita a birnin Prague mai suna Oskar Fischer ya duba ƙwaƙwalwar tsofaffi 16 masu mantuwa, ya samu irin ɗigon nan a 12. Aikinsa ya fi yawan mutane, amma ba shi da Kraepelin a bayansa. Bayahude ne, ya mutu a 1942 a kurkukun 'yan Nazi da ke Theresienstadt, aka manta da shi shekaru da dama.

Ƙarshensa

A 1912 aka naɗa Alzheimer farfesa kuma shugaban asibitin hankali na jami'ar Breslau, garin da yau ake kira Wrocław a ƙasar Poland. Kujerar da ya daɗe yana nema ke nan. A cikin jirgin ƙasa kan hanyar zuwa kama aiki zazzaɓi ya kama shi, ciwon ya taɓa zuciya, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Ya ci gaba da aiki yana haki. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, likitoci suka tafi fagen daga, aiki ya ƙaru a kan waɗanda suka rage. Ya rasu ranar 19 ga Disamba, 1915, zuciya da ƙoda sun gaza. Shekararsa 51, daidai shekarun Auguste ranar da ya fara ganinta. A watan ne kuma Perusini ya mutu a yaƙi, bayan ya samu rauni yana taimakon sojojin da aka harba. An binne Alzheimer a Furankfot kusa da matarsa.

Waɗanda suka rubuta ta'aziyyarsa sun fi yabon aikinsa a kan haukan tunjere. Cutar da ke ɗauke da sunansa ana ganinta wata baƙuwar aba ce da ba kasafai ake samu ba. Abin mamaki, haukan tunjeren da ya cika asibitocin zamaninsa ya kusa ɓacewa bayan zuwan fenisilin. Ƙaramin aikin da ba wanda ya yi wa tambaya shi ne ya rage wa duniya.

Daga madubinsa zuwa ledar ƙarin ruwa

Sai wajen 1976 wani likitan Amurka, Robert Katzman, ya ja hankali cewa abin da Alzheimer ya gani da yawancin abin da ake kira mantuwar tsufa cuta ɗaya ce, kuma tana cikin manyan masu kisa. Wato shakkar da ya nuna a 1911 tana da tushe. A 1984 George Glenner da Caine Wong suka gano furotin ɗin da ke taruwa, ana kiransa amiloyid. A 1986 aka tabbatar cewa cukurkuɗaɗɗen zaren wani furotin ne mai suna tawu. A 1995 aka tono fayil ɗin Auguste a ma'ajiyar asibitin Furankfot, da rubutun hannun Alzheimer da nata. Bayan shekara biyu aka samo gilasan ƙwaƙwalwarta a Munik, aka sake dubawa, aka ga abin da ya faɗa haka yake.

Magungunan farko, irin su donepezil na 1996 da memantine, suna ɗan rage alamomi ne na wani lokaci, ba sa taɓa tushen ciwon. Sai masu bincike suka ce, to idan amiloyid ne mafarin ɓarna, a cire shi mana. Nan aka sha wuya. Wata allurar rigakafi da aka gwada an dakatar da ita a 2002 saboda ta kumbura ƙwaƙwalwar kusan shida cikin ɗari na waɗanda aka yi wa. Bapineuzumab ya faɗi a 2012, solanezumab ya bi shi. Aducanumab ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2021 cikin cece-kuce, a 2024 kamfanin ya daina yin sa.

Wanda ya fara nuna sakamako a fili shi ne lecanemab, na kamfanonin Eisai na Japan da Biogen na Amurka. Wani nau'in garkuwar jiki ne da aka haɗa a ɗakin gwaji, yana manne wa amiloyid don ƙwayoyin shara na ƙwaƙwalwa su kwashe shi. An gwada shi a kan mutum 1,795 masu ciwon a matakin farko, tsawon wata 18, ana sa musu ta jijiya kamar ƙarin ruwa duk mako biyu. Rabi aka ba su maganin, rabi aka ba su na bogi don a kwatanta. Duka ɓangarorin sun ci gaba da lalacewa, sai dai masu maganin saurin lalacewarsu ya ragu da kashi 27 cikin ɗari. Ku lura da kyau: ba wanda ya warke, ba wanda tunaninsa ya dawo. Kusan mutum ɗaya cikin takwas ya samu kumburin ƙwaƙwalwa, wasu kuma ɗan zubar jini, shi ya sa dole a riƙa ɗaukar hoton MRI a kai a kai. Amurka ta amince da shi a 2023, a kan dala 26,500 a shekara, ban da kuɗin hotuna da gwaje-gwaje. A 2024 ta amince da na biyu, donanemab na kamfanin Eli Lilly. A Ingila an ba su lasisi, amma hukumar da ke auna tsada da amfani ta ce amfanin bai kai a biya da kuɗin gwamnati ba. Masu auna tawu kuwa har yanzu suna matakin gwaji.

To idan Ingila ta ce ya yi mata tsada, ina ga gidanmu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce, kuma fiye da rabinsu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Nijeriya ma ta sa hannu a binciken. Daga 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, cikinsu har da Adesola Ogunniyi, da takwarorinsu na Indianapolis sun bi tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatar Amurka shekara da shekaru. Suka tarar sababbin masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na can ba. Wannan ya ƙarfafa tunanin cewa ban da gado, abinci da hawan jini da ciwon suga da yanayin rayuwa duk suna da hannu.

Abin da na ɗauka

Na so in samu magani in kai gida, ban samu ba. Abin da na samu shi ne hujjar da zan tunkari kawuna da ita. Na kira shi na ce, Kawu, a kai Hajiya asibiti, wannan ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma zargin sata yana cikin alamominsa, an rubuta irinsa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Da farko ya ce na fara iyayin 'yan boko. Daga baya ya yarda.

Likitan da ya duba ta ya tambaye ta sunanta, da ranar da ake ciki, ya faɗa mata abu uku ya ce ta riƙe, bayan minti kaɗan ya nemi ta maimaita. Kusan yadda Alzheimer ya yi wa Auguste. Ya sa aka yi gwajin jini, don akwai mantuwar da ƙarancin bitamin B12 ko matsalar maƙoƙo ko ciwon damuwa ke kawowa, waɗannan kuma ana maganinsu. Ya ce ciwon mantuwa ne, ya ɗora ta a kan maganin hawan jinin da ba mu ma san tana da shi ba. Ya ce kada a yi musu da ita, kada a ɗaure ta, kada a bar ta ta fita ita kaɗai, a kuma riƙa karɓar mai jinya don ita ma ta huta. Matar kawuna tana wurin, ta ji da kunnenta, kawu ma ya ji. Yanzu idan jaka ta ɓata, tare suke nema, kuma an san tukunyar da za a fara dubawa.

Da yawanmu a wannan makaranta kakanni ne suka goya mu. Idan ka koma gida ka ga tsohuwa ko tsoho yana maimaita tambaya, yana ɓata a hanyar da ya sani, yana zargin mutanen gida, kada ka shiga cikin masu dariya, kada kuma ka bari a yi masa laƙabin maita ko hauka. Ka rubuta abin da ka gani da ranar da ka gan shi, ka matsa a kai shi asibiti. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan cuta a duniya, ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta gayyato likita ya yi mana lacca a kai. Mu kuma 'yan ɗakin gwaji, gilashin da muke rinawa da gaggawa don mu tafi cin abinci, irinsa aka ajiye a Munik shekara casa'in, aka ɗauko ana iya karantawa. Ni dai na fara wanke nawa da kyau, ina kuma rubuta lamba da kwanan wata a jiki.